Neman Gidan Haya a Maraɗi, Ni da Iyalina da Duna

Saƙon farko da na tura wa dillali ta WhatsApp gajere ne: ina neman gida mai ɗaki biyu da falo da tsakar gida mai faɗi, kuma ina da kare. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira ni cikin fara'a, yana tambayar a wace unguwa karen yake, mita nawa ne, akwai takarda ko babu, kuma ko ina da niyyar sayarwa. Sai da ya kai aya na gane inda muka saɓa. A Maraɗi in ka ce wa dillali kare, filin gini yake ji, kalmar da muka aro daga Faransanci, wadda take cikin sunan unguwar Sabon Kare. Na ce masa kare nake nufi mai ƙafa huɗu, mai haushi. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can ya ce, "Mushe, wanga kam aiki ne. Amma bari mu gani."

Mushe ake kiran malamin makarantar boko a wajenmu, kuma aikina ke nan. Shekara tara ina koyarwa a yankin Dakoro, sai a hutun damina aka maido ni Maraɗi, aka ce in kama aiki da komawar yara a watan Oktoba. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara uku, sai jajayen awaki huɗu, sai Duna. Baƙin kare ne mai farin ƙirji, dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, irin karnukan arewa masu bin garke. Mahaifina ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo, shi ya raɗa masa sunan. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kwana uku Duna yana kwance a bakin zaure bai kula kaskonsa ba. Aka raba gado, awakin nan suka faɗo a rabona. Kare ba ya cikin lissafin gado, amma ranar da na kora awakin zuwa gidana ya miƙe ya biyo su, ya kwanta kusa da turkensu, kuma tun ranar nan yake kwana.

Ƴan'uwa sun ba ni shawara in bar shi a ƙauye. Na duba wanda zan bar wa, ban samu ba. Inna ta koma wajen yayana a Tasawa, gidan Baba an rufe. Kuma na san ƙarshen karen da aka watsar: wata ɗaya yana jiran mai shi a ƙofar gida, wata na biyu ya koma bola, daga nan sai ƙazuwa da jifan yara, ko ya kama kazar wani a sa masa guba. Dabbar da ta yi wa mahaifina gadi shekara shida, na ga amana ce a wuyana. Na bar iyali a Dakoro, na sauka wajen wani abokina a farkon watan Satumba, ina ganin mako guda ya ishe ni.

Dillalin ya fara da inda kuɗina suka fi kaiwa, wato tsofaffin unguwanni na wajen fadar Sarki. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar gulbi yake, har ambaliyar 1945 ta ci shi, aka hauro da jama'a kan tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu. Su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci da Maradawa da Ɗan Gulbi, nan ne zuciyar garin, kuma in zaman mutane kake so, ba ka da na biyunsu. Kasuwa kusa, masallaci kusa, in ɗanka ya yi zazzaɓi da dare kafin ka ɗaga murya maƙwabta sun fito. Sai dai gidajen hayar da aka nuna mini kusan duk na haɗaka ne: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya ko biyu. A wani gida na tsaya ina ƙirga abin da ke ƙasa. Butoci bakwai, tabarmar salla a shimfiɗe a inuwa, kwanukan da aka wanke aka kife, garin tuwo a faifai, jariri yana rarrafe yana bin ɗan tsako. Babu wanda ya ce mini komai a kan kare, don ban ma tayar da zancen ba. Idona ya ba ni amsa. In ni ne mai butar nan, ba zan yarda wani ya shigo mini da kare ba.

Akwai gida ɗaya a ɓangaren da ya kwanta mini, mai ƙofarsa daban, na wata dattijuwa da ke zaune a gidan da ke jikinsa. Muka gaisa, ta tambayi asalina, ashe ta san garinmu. Hira ta yi daɗi har ta sa aka kawo mini fura. Da na ambaci kare sai ta ajiye carbinta, ta ƙwala wa wani yaro kira. Ɗan shekara tara ne ko goma. Ta ce ya ɗage wandonsa. A ƙwaurinsa akwai tabo huɗu, biyu sama biyu ƙasa, sun warke sun bar rami.

"Ɗana, ka ga wanga? Jikana ne. An aike shi sayen kalanzir, karen wani ya fito ya kama shi. Mai karen ya ce ba nashi ba ne. Mu muka yi ta safa da marwa zuwa likita, allura bayan allura, kuɗin ma sai da na sayar da tunkiya. Wata uku ba na barci, ina kallonshi ko zai fara tsoron ruwa. Ka yi haƙuri, ko ninki biyu za ka ba ni, kare ba ya kwana jikin katangata."

Na ce, "Inna, kin fi ni gaskiya." Na shanye furar, na yi godiya na fito. Har na isa masauki tabon nan yana idona. Da ina ɗaukar ƙin kare da mutanenmu ke yi a matsayin ƙyama kawai da aka gada. Ranar na ga cewa wasu da jininsu suka saye shi.

Mako na biyu ya shiga ban samu komai ba, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. An nuna mini wani gida a unguwar Zariya, ginin siminti, katanga doguwa, mitar wuta da ta ruwa nasa shi kaɗai, jaka 40 a wata, wato sefa dubu 40. Mai gidan ɗan kasuwa ne, yau yana Kano gobe yana Kwatano. Dillalin ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, ka bar maganar karen ga. Ka biya, ka tare, in ya gani daga baya ya riga ya ci kuɗi." Na gaji, lokaci ya ƙure, sai na biye masa. Na ba da kuɗin wata ɗaya kafin alƙalami. Da daddare na kira maiɗakina ina mata albishir, ta tambaye ni ko mai gidan ya yarda da Duna. Na fara kame-kame. Ta ce, "Malam, kare fa ba allura ba ne da za a soke a gefen zane. Daren farko zai yi haushi. In aka ce mu tashi a tsakiyar shekara, yara suna makaranta, ina za mu? Kuma da wane ido za ka dubi mutumin?"

Da safe na nemi Alhajin a shagonsa, na gaya masa abin da na ɓoye. Bai yi faɗa ba. Ya ce gidan yana jikin na ƙanensa, wanda ke da makarantar allo a zaure, almajirai sun fi talatin suna kwana a ƙofar, ba zai iya ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo mini kuɗina cif. Sannan ya ce, "Da ka tare na gano, wallahi da mun ɓata." La'adar da na ba dillali kam ta tafi, kwana biyar kuma sun tafi. Tun daga ranar, duk gidan da za a nuna mini, maganar kare nake fara sawa a gaba, tun kafin a buɗe ƙofa.

Akwai abin da ke cin raina tun daga Dakoro wanda ban taɓa zama na tambaya ba. A ƙauye kare yana bin garke, babu mai cewa uffan. A birni fa? Na je wajen wani malami da abokina ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar, na jira ɗalibai suka watse, na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya fara da hadisan da kowa ya sani: wanda ya riƙi kare ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, in kare ya yi lallagi a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya ce a Risala ma, wadda yaranmu ke karantawa, Ibn Abi Zaid ya hana ajiye kare a gidajen birni da na ƙauye, in ba don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci ba. Gabana ya faɗi. Sai ya ci gaba, ya ce masu sharhi sun kawo cewa shi Ibn Abi Zaid ɗin, da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, ya ajiye kare. Aka tuna masa da maganar Imamu Malik, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Malamai da dama daga nan suka yi sauƙi a kan karen gadi in buƙata ta tabbata.

Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakke ne, har da kare da yawunsa, wankin ƙwaryar kuwa bin umarni ne. Wasu mazhabobin sun ɗauke shi najasa, kuma mutane da yawa a garin nan a kan haka suke. "Kada in ji ka je kana ja da maƙwabcinka da littafi a hannu," in ji shi. "Kai kana da dabbobi, karenka na dabbobi ne, to ya zauna wajen dabbobi. Kada ya shiga ɗaki, kada ya kusanci wurin salla, kaskonsa daban. Ka ciyar da shi, ka shayar da shi, ka san an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma in ya hana maƙwabci barci ko ya tsorata ɗansa, wannan haƙƙi ne, kuma kai za a tambaya." Na fito daga zauren da sauƙi a zuciya da kuma nauyi a ka, duka biyun.

Washegari na nufi ma'aikatar kiwo, wadda kowa ke kira Elebaji, don in ji yadda ake yi. Duna bai taɓa ganin allura ba, a ƙauye ba mu saba ba. Likitan dabbobin ya zaunar da ni ya yi mini bayanin ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, ta cizo take shiga, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Ya ce in cizo ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a ruga likita a ranar, kada a tsaya shafa toka ko barkono, shi kuma karen a ɗaure shi a sa masa ido aƙalla kwana 10. Ana fara yi wa kare rigakafi tun yana wata uku, ana sabuntawa, ana rubutawa a karne, wato katin rigakafi. Na tuna da jikan dattijuwar nan. Ƙarshen makon na koma Dakoro aka yi wa Duna allura, aka ba shi maganin tsutsa da na kaska, na dawo da karnen a aljihun gaba. Ya yi mini amfani fiye da duk wani daɗin baki.

Daga nan na sauya dabara. Na daina bin gidaje, na koma bin unguwanni. Na ari babur ɗin abokina, duk unguwar da nake tunani sai na je mata sau uku: bayan asuba, da tsakar rana, da bayan lisha. Unguwa ɗaya fuska uku gare ta. Layin da ka gani shiru da azahar, da dare ka tarar da fadar samari a bakin ƙofar da kake so, ana dafa shayi ana kiɗa a waya har ƙarfe biyu. Samarin ba su yi laifi ba, amma karen da ya taso a daji, inda duk motsin dare ɓarawo ne ko dila, zai kwana yana musu haushi, a wayi gari kowa ya tsane ka. Da asuba kuwa nake ganin karnukan da ba su da mai su. Inda akwai babbar bola, ko wurin da mahauta ke zubar da tumbi da ƙashi, za ka gan su biyar shida suna tafe tare. Irin wannan layin na soke shi, komai arahar gidan, don ko su yi faɗa da nawa su sa masa cuta, ko su ciji wani a ce nawa ne, tun da ni kaɗai aka sani da kare.

Da rana inuwa nake dubawa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma a Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40. An nuna mini sababbin gidaje masu kyau waɗanda aka shafe tsakar gidansu da siminti tas, ko ganye ɗaya babu. Na cire takalmi na taka da ƙarfe ɗaya na rana, ban iya ƙirga biyar ba na ɗage ƙafa. Dabbar da za ta wuni a kan wannan, an zalunce ta. Ina neman ƙasa da itace, ko da bedi ɗaya ne. Sannan katanga. Duna yana tsallake dangar da ta kai ƙirjina ba tare da ya ja da baya ba, don haka duk katangar da na miƙa hannu na kama bakinta da sauƙi ba ta yi ba. Nakan durƙusa in leƙa ƙarƙashin ƙyaure, in auna da tafin hannu, saboda ta nan hancin kare ke fita, ta nan kuma hannun yaro ke shiga. Dillalin har ya saba, da mun isa shi ke fara durƙusawa.

Da yake ƙarshen damina ne, ƙasa ma ta yi mini magana. Inda ruwa ke kwanciya alamarsa tana jikin katanga, kuma wurin da ya jiƙe ya daɗe, can kaska da ƙuma da sauro suke. Na kuma riƙa duba hanyar yara. Gidan da ke kan layin da ƴan makaranta ke bi safe da yamma, sai an jefi ƙyauren, sai an tsokani karen, yaro yaro ne. Na fi son lungun da ba ya ɓullewa. Na leƙa Burja, na leƙa Sura Bildi da Mazadu Jika, kowace da nata alherin, amma ban dace da gidan da ya haɗa abin da nake so ba a lokacin.

A can ƙarshen unguwar Ali Ɗan Tsoho, bayan an wuce wajen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda gine-gine suka fara tsinkewa ana ganin kangaye da sauran gonakin gero, nan muka dace a mako na huɗu. Gidan ba shi da kyan na Zariya. Ɗaki biyu da falo, rufin kwano ba sili, fenti ya koɗe. Amma tsakar gidan ƙasa ce, da bedi babba a kusurwar gabas da tsohon turke a ƙarƙashinsa, katanga ta fi ni tsawo da kamu biyu, kuma bayan gidan fili ne fetal. Jaka 35 a wata, wata uku a gaba. Nisa ne aibinsa. Makarantar da aka tura ni tana can cikin gari, na lissafa man babur da kuɗin kabu-kabun maiɗakina zuwa kasuwa, na ga abin da na rage a haya zai tafi a hanya har da ƙari. Famfo ma yakan ɗauke, sai an kira ƴan ga-ruwa. Na karɓa da saninsa.

Mai gidan dillalin dabbobi ne, ya san kare ya san amfaninsa. Ya juya karnen gaba da baya, ya ba ɗansa ya karanta masa, sannan ya kafa sharuɗɗa: kare ba ya fita sai da igiya a hannuna, duk ɓarnar da ya yi a kaina take, in ya ciji mutum ni da hukuma, kuma in maƙwabta suka kawo ƙara sau uku zan nemi wani wuri a ba ni wata biyu. Na ce a rubuta, har da cewa ya san da karen ya kuma yarda. Ya ce, "Mushe, maganata ba ta isa ba?" Na ce, "Alhaji, ta isa, amma rai na Allah ne, in babu ni ko babu kai, takarda za ta yi wa ƴaƴanmu bayani." Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu.

Ban tare ba sai da na bi maƙwabta gida gida. Na fara da mai unguwa, na kai goro, na faɗi ko ni wane ne da abin da nake tafe da shi. Ya ce ya gode da na zo da kaina, ya haɗa ni da yaro ya nuna mini ƙofofi. Gida biyar ne ke kusa. Uku suka ce ba komai, ɗaya ma ya yi murna, ya ce an sace masa rago biyu ana gobe jajibirin Layya. Wata baiwar Allah ta ce kajinta kawai take ji, suna yawo. Na ce in Duna ya taɓa ko ɗaya zan biya ba tare da musu ba.

Na biyar ɗin shi ne wanda katangarmu take ɗaya, dattijo ne, tsohon ma'aikaci, yana da hawan jini. Ya ji ni har ƙarshe ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, ba na so. Ɗakina yana jikin katangar nan, nan nake salla ta dare. Ba ni da ikon hana ka, gidan ba nawa ba ne, amma ka tambaye ni na faɗa maka." Na roƙe shi ya zo ya nuna mini daidai inda ɗakin yake. Muka shiga tare. Ashe bedin da turken da na yi wa murna suna jikin bangon ɗakinsa ne. Na tsaya ina kallon inuwar nan, raina yana so, na ce masa zan mai da turken kusurwar yamma, wajen fili. Can babu itace, sai da na sayi itatuwa da zana aka kafa rumfa mai faɗi, aka ja dangar waya ta raba tsakar gidan biyu, na haƙa rami na binne tsohuwar randa rabi don ruwa ya riƙa yin sanyi. Jaka 22 aikin ya ci. Da ya ga an gama ya ce, "To, Allah ya ba mu zama lafiya." Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ya ce ba.

Ranar tarewa direba biyu suka ƙi ɗaukarmu daga Dakoro da suka ji da kare. Na uku mai a-kori-kura ya yarda, da sharaɗin in zauna a baya tare da shi. Haka muka yi tafiyar sama da kilomita 100, ni da awaki da katifu, Duna ya cusa kansa ƙarƙashin hannuna yana rawar jiki, don bai taɓa shiga mota ba. Daren farko ya yi haushi a kan komai: babur, kiran salla daga lasifika, jakin ƴan ga-ruwa. Na fito da tabarma na kwanta a bakin dangar. Duk sanda ya ɗaga kai sai in kira sunansa a hankali in dafa wuyansa. Kwana tara na yi a waje, sauro ya yi yadda ya so da ni. Na lura in ya gaji da tafiya ya fi yin shiru, sai na mai da shi ƙa'ida: bayan sallar asuba in sa masa igiya mu bi ta bayan gida, mu zaga filin nan har bakin gonaki, in cika aljihu da ciyawar awaki a hanya, mu dawo kafin yara su fara fitowa. Kashinsa ina kwashewa da tsohon cebur in binne. Da yamma yaran layi suka fara taruwa suna leƙe ta ƙasan ƙyaure, sai na sa aka yi wa wurin walda da faranti, na kuma kira su na nuna musu shi daga nesa, na ce wanda ya jefe shi zan je wajen babansa, wanda ya gan shi a waje ba ni ya rugo ya faɗa mini.

Ƙara ɗaya aka taɓa kaiwa, a watan Disamba, lokacin da wata karya ta riƙa zagaya bayan katanga, Duna ya kwana uku yana kuka. Dattijon ne ya kai, kuma da gaskiyarsa. Na je na ba shi haƙuri, na koma kwanan waje har abin ya wuce. Muna gaisawa kullum, ranar suna a gidansa ni na raba goro, amma har yau in yana nemana daga bakin ƙofa yake sallama, ba ya shigowa.

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan. Awaki sun zama bakwai, allurar Duna ta biyu tana ƙarshen Satumba, na rubuta a jikin kalanda. Makon jiya da muka fita da asuba na tarar an sauke tifa biyu ta yashi da tulin bulo a tsakiyar filin da muke zagayawa, an ja igiya an kafa turaku. Duna ya tsaya yana shinshina yashin. Na tambayi mai gadin kayan, ya ce gidan haya za a yi, ɗaki takwas, ƙofarsa tana kallon rumfar awakina. Da na dawo gida na duba wayata, lambar dillalin tana nan, sannan na ce wa maiɗakina ranar Asabar zan ari lokaci in leƙa unguwannin da ke kan hanyar Ɗan Isa.